An Yi wa Ɗana Ɗori, Hannun Ya Kama a Karkace, Yanzu Ana So a Sake Karya Shi

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga kan katanga ya dafa ƙasa da hannun dama, nan take gwiwar hannun ta kumbura. Ni na so a kai shi asibiti, amma Hajiya mahaifiyar maigidana ta ce ba za a kai mata jika inda ake yanke hannu ba, don akwai yaron maƙwabtansu da aka taɓa kaiwa ya dawo da dungulmi. Aka kai shi wurin mai ɗorin da danginsu suka saba zuwa. Yau wata biyu ke nan da 'yan kwanaki. An kwance ɗorin, ciwo ya ragu, amma hannun ya karkace ya shigo ciki, ba ya miƙewa sosai, ba ya kuma lanƙwasuwa har ya kai loma baki. Da hagu yake cin abinci, fensir ma suɓuce masa yake yi. Duk mako ana mai da shi a gasa wurin da ruwan zafi a yi ta ja yana ihu. Yanzu mai ɗorin ya ce sai an sake karyawa an gyara masa zama. Maigidana ya rasa ta cewa, ba ya son saɓa wa mahaifiyarsa. Ni kuwa ba na iya barci, gani nake laifina ne da na yi shiru tun farko. Har na fara tunanin in ɗauke shi a ɓoye in kai shi asibiti. Me zan yi?

Maman yaro, daga Jihar Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Abu biyu nake so ki riƙe kafin duk wani bayani. Kada a sake karya hannun nan, kuma jan da ake yi masa duk mako a dakatar da shi daga yau. Sannan a cikin makon nan, ba makon gobe ba, likitan ƙashi ya ga yaron tare da hoton gwiwar. Sauran abin da zan rubuta dalilai ne, don ki samu abin faɗa wa maigidanki da Hajiya wanda ya wuce kuka da roƙo.

Gwiwar hannu mahaɗar ƙasusuwa uku ce. Akwai ƙashin damtse da ya taso daga kafaɗa, sai ƙasusuwa biyu na sangalin hannu, ɗaya ta gefen babban yatsa, ɗaya ta gefen ƙaramin yatsa. Na gefen ƙaramin yatsan shi ne mai tsinin da kike dogara shi a ƙasa idan kin kishingiɗa, yana da baki kamar ƙugiya da ke rungume da ƙarshen ƙashin damtse, shi ke ba da lanƙwasawa da miƙewa. Na gefen babban yatsa kuma kansa a zagaye yake, yana juyawa ne a wurinsa, shi ya sa kike iya kifa tafin hannu ki kuma buɗe shi sama. Inda suka haɗu a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, an kewaye shi da wata jaka mai ɗan ruwa mai yauƙi don kada ƙashi ya goge ƙashi. Lafiyayyar gwiwa tana tashi daga miƙewa sambal ta lanƙwasu har wajen digiri 145. Don mutum ya ci abinci ya yi sauran harkokin yau da kullum, yana bukatar ta kai wajen digiri 130. Wannan ne ɗanki ya rasa, shi ya sa loma ba ta kai masa baki.

Ɗan sama kaɗan da gaɓar, ƙashin damtse yana baje ya yi siriri ƙwarai, saboda akwai rami ta gaba da rami ta baya inda ƙasusuwan sangali ke shiga idan an lanƙwasa ko an miƙe. Idan yaro ya faɗo ya tare ƙasa da tafin hannu, a wannan siririn wurin nauyinsa ke sauka. Ita ce karayar gwiwar hannu da ta fi yawa a yara, kuma ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7. Daga yadda kika siffanta faɗuwar da karkacewar, ita na fi zato, amma zato ne kawai. Hoto ne zai faɗa.

Abin da ya sa na dage a kan hoto shi ne, gwiwar yaro ba ƙaramar gwiwar babba ba ce. Ana haihuwar jariri da ƙasusuwa kimanin 270, da yawansu guringuntsi ne tukuna, a hankali suke ƙanƙara wasu su haɗe da juna, har babba ya tsaya a kan 206. A gwiwar hannu kaɗai akwai wurare 6 da ƙashi ke fara tsirowa a cikin guringuntsi ɗaya bayan ɗaya, daga wajen shekara 1 har zuwa wajen shekara 11 ko 12. Ɗan shekara 7 yana tsakiyar wannan aiki. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi kuma akwai wani faifan guringuntsi wanda daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo, kuma ya fi sauran ƙashin rauni. Likitan da ya ƙware ma, da hoto a hannunsa, wani lokaci sai ya sa an ɗauki na ɗaya hannun mai lafiya ya gwada su kafin ya yanke magana. To ina ga wanda yake laluben kumburarriyar gwiwa da yatsu?

Ba raina masu ɗori nake yi ba. Sana'a ce ta gado, sun tsaya wa mutane tun zamanin da ba asibiti a kusa, kuma dubban mutane suna tafiya da ƙafafunsu yau bayan an yi musu ɗori. Amma ya kamata a san abin da ke faruwa a ƙarƙashin karan nan da tsumma. Ƙashi rayayyen abu ne, yana da jijiyoyin jini, yana jin ciwo, a cikin ɓargonsa ake ƙera jini, kuma da kansa yake ɗinke kansa. Da ya karye, jini ke taruwa ya daskare a wurin. Cikin makonni biyu zuwa uku wannan daskararren jini ya zama wani danƙo mai kama da guringuntsi da ya riƙe bakin karayar biyu, sannan sinadarin kalsiyam ya shiga ya ƙanƙarar da shi ya zama sabon ƙashi. A yaro kamar naki, irin wannan karaya takan kama cikin makonni 3 zuwa 4. Ko mai ɗori ne ya ɗaure, ko likita ne ya sa filasta, aikin haɗewar na jiki ne da ikon Allah. Aikin mai ɗaurewa biyu ne rak: ya dawo da ƙashin mazauninsa daidai, ya kuma riƙe shi a nan ba tare da ya shaƙe jini ba. Ƙashi a yadda ya tarar da kansa yake kamawa, a miƙe ko a karkace. Na ɗanki ya kama, shi ya sa ciwo ya ragu, amma da alama ba a kan hanya ya kama ba.

Za a ce miki ai yaro ne, zai miƙe da girma. Akwai gaskiya a maganar, amma ba a wannan wurin ba. Jikin yaro yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, kuma da haka yakan gyara 'yar karkata, musamman kusa da inda ƙashin ke girma da sauri. Shi ya sa karayar kusa da kafaɗa ko kusa da wuyan hannu takan miƙe da kanta har a manta an taɓa yi. Sai dai kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon ƙashin damtse ta wajen kafaɗa yake fitowa, ta wajen gwiwa kashi 20 ne kawai. Gwiwa ba ta da isasshen girman da za ta gyara kanta da shi, balle karkata ta gefe irin wadda kika ce ta shigo ciki. Ki miƙe naki hannun, tafin yana kallon gaba, za ki ga sangalin ya ɗan kauce waje ya bar jikinki. Haka halitta take. Idan ya juye ya shigo ciki, jira ba ya dawo da shi.

Maganar sake karyawa ita ta fi tayar mini da hankali. Bayan wata biyu, inda ya kama ya riga ya yi ƙarfi. Wanda ya sa ƙarfinsa zai ɓalle shi da hannu ba shi da ikon zaɓar inda zai ɓalle. Ƙarfin yana iya sauka a kan faifan girman nan mai rauni, kuma idan ya lalace, hannun na iya ci gaba da karkacewa yayin da yaro ke girma. Ga kuma abin da ke kwance a jikin ƙashin. Babbar jijiyar jini da ke ciyar da sangali da tafin hannu ta gaban gwiwa take wucewa, dab da inda ya karye. Manyan jijiyoyin ji da motsi guda uku su ma ta nan suke ratsawa. Ɗaya daga cikinsu kin san ta, ita ce idan kika buge gwiwa a bango kike jin wani zirr har ƙaramin yatsa. Kaifin karyayyen ƙashi na iya murje kowacce a cikinsu ko ya tsinka ta. Idan har gyara ya zama dole, a ɗakin tiyata ake yinsa, yaro yana barci ba ya jin komai, likita ya auna yawan karkatar a hoto, ya yanka ƙashin a daidai inda ya zaɓa, ya daidaita shi, ya riƙe da siraran ƙarafa har ya kama. Aiki ne da likitocin ƙashi suka saba yi, kuma sau da yawa ba na gaggawa ba ne, sukan jira gwiwar ta saki tukuna.

Ja da murzar da ake yi duk mako kuma illa suke ƙarawa. Gwiwar hannu ba ta son a tilasta mata. Duk lokacin da aka ja ta da ƙarfi har yaro ya yi ihu, tsokar da ke gaban gaɓar tana ɗan yagewa ta yi jini a ciki, kuma a irin wannan wuri jiki yakan tsirar da ƙashi a tsakiyar tsoka. Idan hakan ya faru, gwiwar da ake so ta saki sai ta ƙara sandarewa, wani lokaci har abada. Yawancin yara da kansu suke dawo da motsin gwiwa a cikin watanni, ta hanyar wasa da ɗaukar ƙananan abubuwa da kai hannu baki gwargwadon abin da ba ya musu ciwo. Idan ana bukatar gashi, likita zai tura ku wurin masu gashin ƙashi na asibiti. Ruwan zafin ma a bari, don idan wata jijiya ta taɓu, fatar wurin ba ta jin zafi sosai, zai iya ƙonewa bai sani ba.

Fensir ɗin da ke suɓuce masa ya sa ina so ki yi masa wani ɗan gwaji a gida, cikin wasa. Ki ce ya haɗa kan babban yatsa da kan manuni su yi zobe sosai a zagaye. Ki ce ya ɗaga babban yatsa sama, ya kuma ɗaga wuyan hannu baya. Sannan ya ware yatsunsa ya haɗe su, ya ɗora na tsakiya a kan manuni. Kowanne daga cikin ukun nan jijiya ɗaya yake gwadawa. Ki sa ya rufe ido ki taɓa kan manuni, da kan ƙaramin yatsa, da bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuni, ki tambaye shi ko yana ji daidai da ɗaya hannun. Duk abin da ya kasa, ki riƙe shi ki faɗa wa likita. Kada ya firgita ki: yawancin irin wannan taɓuwar jijiya murjewa ce kawai, takan farfaɗo da kanta cikin watanni kaɗan. Amma wata biyu sun riga sun wuce, lokaci ya yi da masani zai fara bibiyarta.

Akwai kuma dalilin da ya sa ban ce ku jira ba duk da na ce aikin gyaran karkata ba na gaggawa ba ne. Ba kowace gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa ce karayar da na zata ba. Yana yiwuwa gaɓar ce ta goce ba a mai da ita ba. Yana yiwuwa ƙashin sangali ɗaya ya karye, kan ɗayan ya fita daga mazauninsa. Yana yiwuwa wani ɓangare na gefen gwiwa ne ya ɓalle ya ƙi kamawa. Waɗannan kowane mako da ya wuce yana ƙara wahalar gyaransu. Ba za a bambance su da ido ba.

Yanzu ga Hajiya. Tsoronta ba na banza ba ne, ta ga yaro ya tafi da hannu ya dawo babu. Abin da ba ta gani ba shi ne halin da hannun yake ciki ranar da aka kai shi. Tsokokin sangalin hannu a cikin wani tantani mai tauri suke, wanda ba ya buɗewa. Bayan karaya wurin yana ci gaba da kumbura har kwana biyu zuwa uku. Idan aka zagaye shi da kara aka tamke da tsumma tun ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini daga ciki. Tsokar da jini ya yanke mata takan fara mutuwar da ba dawowa cikin kamar awa 6. Idan ta tsaya a nan, hannun ya ƙanƙance yatsu su lanƙwashe su sandare, abin da wani likitan Jamus mai suna Richard von Volkmann ya siffanta tun 1881. Idan ta zarce, hannun ya yi baƙi ya ruɓe, gubarsa ta fara shiga jini. Da yawa daga yaran da ake yanke wa hannu bayan karaya a irin wannan hali ake kai su, bayan kwanaki, likita ba shi da zaɓi sai ya cire mataccen hannu ya ceci rai. Filastar asibiti ma idan ta matse haka za ta yi, shi ya sa a kwanakin farko rabi ake sawa ta baya a bar wa kumburi hanya, ana duba yatsu. Idan hannun ɗanki yana da ɗumi, yatsunsa suna motsi, to ya tsallake wancan haɗarin, alhamdu lillahi. Babu likitan da zai yanke rayayyen hannu don ya karkace. Sake karyawa da sake ɗaurewa ne za su mai da shi bakin wancan ramin karo na biyu. Wannan ita ce maganar da Hajiya ke bukatar ji, domin abin da take tsoro da abin da kike tsoro ɗaya ne.

Ban ba ki shawarar ɗauke shi a ɓoye ba. Idan aka ce sai an yi aiki, za a nemi amincewar mahaifinsa, za a bukaci kuɗi da jinya da komawa asibiti sau da yawa, duk ba sa ɓoyuwa, kuma za ki mai da lafiyar yaro filin rigima tsakaninki da surukarki. Ki samu maigidanki yau da dare, ku biyu, bayan ya huta. Kada ki fara da wa ya ce a kai shi ɗori, wannan ya wuce, kuma duk wanda ya ji ana tuhumar mahaifiyarsa kare ta zai yi ko da ya san gaskiya. Ki sa ya zauna ya kalli yaron yana ƙoƙarin kai hannu baki, ya yi masa gwajin yatsun da kansa. Sannan ki roƙi abu ɗaya ƙarami: a ɗauki hoto, likita ya duba, kafin kowa ya sake taɓa hannun. Ba aiki kika nema ba, ba kwanciya ba, gani kawai. Ki tuna masa cikin ladabi cewa shi ne makiyayin gidan nan da za a tambaya a kan abin kiwonsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah su nemi magani. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma Hajiya jikanta take so ya warke, ɗan da ya kawo mata hanyar warkewar bai saɓa mata ba.

Shi ya kamata ya je wa Hajiya da maganar, ba ke ba. Idan yana jin nauyi, ya tafi da wanda take jin maganarsa, yayanta ko ƙaninta, ko malamin da take girmamawa, ko wata ma'aikaciyar jinya a cikin dangi. Kuma ku gayyace ta ta bi ku. Ta zauna a gaban likita, ta ga hoton da idonta, ta yi tambayarta ta yanke hannu kai tsaye ta ji amsa. Tsohuwar da aka tafi da ita takan zama mai tsaya wa jinyar fiye da kowa.

Amma akwai iyaka. Idan duk da haka aka sa ranar kai shi a karya, ki faɗa wa maigidanki a fili, ba da ɗaga murya ba, cewa ba ki yarda ba, ki kuma sanar da mahaifinki ko waliyyinki su sa baki a ranar. Idan kuma wata rana yaron ko wani ƙaninsa yana cikin ɗori ko filasta kika ga ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yaro ya kasa natsuwa magani ba ya kwantar da shi, yana ƙwalla ƙara idan an miƙe masa yatsu, ko yatsun sun kumbura sun yi sanyi sun canza launi, ko ya ce ba ya jin su, to a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Wannan ba a jira a yi shawara a kansa.

Tunda a Jihar Kano kuke, Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala aikinsa ke nan, akwai kuma sashen ƙashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku yi sammako. Hoton gwiwa fuska biyu ake ɗauka, ta gaba da ta gefe. Ki faɗa wa likita komai: ranar da ya faɗi, yadda ya dafa, tsawon lokacin da ya yi a ɗaure, sau nawa aka ja shi, me aka shafa masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ku ne na farko da suka zo daga wurin mai ɗori ba. Ku tambayi abin da ya karye, ko gaɓar tana mazauninta, ko jijiya ta taɓu, ko ana bukatar aiki da yaushe, da abin da zai ci. Idan kuɗin ya fi ƙarfinku ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ku kuma sanar da dangi da wuri.

Abinci ba zai miƙar da karkataccen ƙashi ba, amma ƙashin da ke girma yana son kalsiyam, kusan kashi 99 cikin 100 na wanda ke jiki a ƙashi da haƙora yake. Nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka, zogale, riɗi, da wasa a hasken rana sun wadatar.

Game da laifin da kike ɗora wa kanki, ke kika fara cewa a je asibiti, aka rinjaye ki a gidan da ba ke ce babba ba, a ranar da kowa ya ruɗe. Ke ce kuma kika lura da fensir da lomar da ba ta kaiwa baki. Yaron yana bukatar uwar da ta yi barci ta samu ƙarfin zirga-zirgar da ke gaba. Ki kuma hana kowa yi masa faɗa ko dariya don yana ci da hagu, lalura ce, kuma ki je makarantarsu ki gaya wa malaminsa kada a matsa masa a kan rubutu, kada kuma a doke shi a hannun. Shi kansa ki gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, cewa za a je a ɗauki hoton hannun ne, hoton ba ya ciwo, kuma ba wanda zai ja shi, don yaron da ya sha ja duk mako zai firgita da duk wanda ya miƙo hannu zai taɓa shi.

Ki rubuto mini abin da hoton ya nuna da abin da likita ya ce. Allah ya ba shi lafiya, ya daidaita tsakaninku.